Tafiyarmu Kpando Torkor Duba Injin Marigayi Issaka

Talata: Daga Maamobi zuwa Torkor

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na ƙwanƙwasa ƙofar Baba Seidu a Maamobi. Na tarar ya riga ya shirya, yana zaune bakin gado riƙe da sandarsa. Kwana tara ke nan da rasuwar ɗansa Issaka a tafkin Volta, kuma labari bai iso mana ba sai bayan an binne shi.

Tare muka tashi da Issaka a Nima. Ni na zama makanike a Abossey Okai, shi ya koma bakin ruwa yana jigilar mata masu kifi. Injin jirginsa ma ni na haɗa masa a 1994. Injin mota ne na fetur, irin sababbin nan marasa kabureta, waɗanda famfo ke tura wa mai, nozul na fesawa.

"Awudu, mutuwa ban ja da ita ba," in ji tsohon. "Amma an ce ɗana ruɗewa ya yi, ya kasa tayar da inji mai lafiya. Kai ka san ƙarfe. Mu je ka duba mini."

Bayan sallah muka hau trotro, ƙaramar motar haya, zuwa tashar Tudu. Motar Kpando ta tashi bakwai saura kwata. Na sayi koko da ƙosai, Baba ya kurɓa sau biyu ya miƙo mini. Tara da 'yan mintuna muka kai Atimpoku, mata suka yanyame mu da abolo, wato turararriyar wainar masara, da ƙananan soyayyun kifi. Da muka hau gadar Adomi ya leƙa taga.

"Shi ne ruwan?"

"A'a Baba, wannan wanda ya tsallako madatsa ne. Babban yana gaba."

Muka kai Asikuma. A shingen binciken da ke nan aka sauke mu. Jami'in ya buɗe akwatin kayan aikina, ya tambayi inda za mu. Da na ce ta'aziyya, ya rufe akwatin da kansa, ya kama hannun Baba ya mayar da shi mota. Muka wuce Peki da Kpeve, muka sauka Kpando sha biyu da rabi, tafiyar wajen kilomita ɗari biyu. Tasi ta ƙarasa da mu Torkor cikin minti goma.

Adiza, matar marigayin, tana ganin surukinta ta durƙusa ta kama ƙafafunsa, 'ya'yanta mata biyu na laɓe bayanta. Limamin zangon garin ya ba mu zaurensa, ya kai mu kabari. Baba ya daɗe tsaye, sannan ya tsuguna ya gyara wani dutse da ya goce.

Bayan la'asar aka kira mana Efo Kwami, masuncin da ya tsamo gawar. Hausarsa ta kasuwa ce.

"Rana tsaka ne, Masta. Ya gudu awa ɗaya da mata takwas. Ya kashe inji, zai ɗauki mace a tsibiri. Iska ya taso. Ya murɗa, ya murɗa, inji ya ƙi. Ruwa ya kai jirgi cikin matattun itatuwa. Ya faɗa ruwa da igiya zai ɗaure, jirgi ya matse shi da itace. Mata duka ya tsira."

"Man ne ya ƙare?"

"Tanki rabi. Mun zo bayan awa ɗaya, na taɓa makulli sau ɗaya, ya tashi. Shi ya sa mutane na magana."



Laraba: A kan ruwa

Na ƙi taɓa injin da safe, na jira rana ta take. Sha ɗaya daidai muka tashi, ni da Efo Kwami da Baba, wanda ya ce ko da ɗauka ne sai an sa shi ciki. Injin yana cikin wani akwatin katako da Issaka ya yi masa saboda ruwan sama. Muka yi gudun awa guda, injin bai ko yi tari ba. Kusa da gaɓa na ce a kashe. Muka jira minti goma, na murɗa makulli. Ya juya, ya juya, ya ƙi kamawa. Famfon yana ta kuka siriri, kukan da yake yi in ba ya jan komai.

Na ɗaga murfin akwatin, zafi ya bugi fuskata. Na bi bututun mai da hannu daga tanki, har inda ya kwanta jikin salansa. Nan ya ƙona mini yatsa. Na tsoma rigata a ruwa na naɗe wurin, na yi ta kwara masa ruwa. Minti shida, na murɗa, ya tashi.

Na zauna a ƙasan jirgin.

"Me ka gani?" in ji Baba.

"Baba, fetur ba ya son zafi. In inji na gudu, sabon mai mai sanyi yana ta wucewa. In aka kashe, zafi ya taru, man da ke bututu ya tafasa ya zama tururi. Famfo kuwa ba ya jan tururi. Ko wane ne ke riƙe da makullin nan, ba zai tashi ba sai ya huce."

"To akwatin ne ya jawo," in ji Efo.

Da na yi shiru, da magana ta ƙare a nan.

"Akwatin ya ƙara. Amma ni na bi da bututun ta jikin salansa. Wanda nake da shi ranar ya gaza da kamu ɗaya, na ƙi komawa kasuwa. Na gwada shi da sanyin safiya a fili, na ce masa ya yi."

Baba ya dubi ruwa. Can ya ce, "Ka san zai yi haka?"

"Na san fetur yana haka. Ban tuna ba."

"Ajali ba ya ƙaruwa da kamu ɗaya, Awudu. Amma jirgin nan shi zai ciyar da jikokina. Tashi ka gyara."

Na taho da sabon bututu. Na zagaya da shi ta ƙasa nesa da zafi, na sauke famfon kusa da tanki, na canza matacin mai, na huda akwatin gefe biyu. Sau uku muka gwada, sau uku ya tashi. Da yamma na gaya wa Adiza komai daga bakin ƙofa. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta dai aiko mana da banku, tuwon ƙullun masara, da miyar kuɓewa, na kasa ci.

Alhamis: Komowa

Bakwai muka bar Kpando. Tayarmu ta fashe a Peki, muka yi minti arba'in. Biyu da kwata muka sauka Tudu, uku muna Maamobi. Dattawan unguwa na zaune ƙofar gida suna jira.

"Ɗana bai ruɗe ba," in ji Baba. "Mai ne ya tafasa a bututu."

Ya tsaya nan, bai ambaci sunana ba. Ni na miƙe na ƙarasa musu sauran. Sai wani tsoho ya matsa ya ba ni wuri a kan tabarma.

Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, da limamin Torkor, da Efo Kwami. Wanda ya karanta wannan ya sa Issaka a addu'a. In kuma makanike ne, kada ya sallami inji sai ya kashe shi da zafinsa, ya jira, ya sake murɗawa.