Ciyawar da Baba Ya Shanya a Plumstead

Mahaifina ya zo London ne don a cire masa yanar ido, ba don marmarin ganin gari ba. An yi aikin lafiya a wani asibiti da ke Whitechapel, likita ya ce ya zauna 'yan watanni kafin a taɓa ɗaya idon. Haka dattijon da bai saba kwana nesa da kukan shanu ba ya tsinci kansa a saman bene a Plumstead, yana kallon rufin gidajen mutane.

Mu mutanen fili ne. Ƙaramar hukumarmu shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, ciyawa iya ganinka, bishiya jefi-jefi. Tun zamanin kakana aka keɓe wani yanki don kiwo, gwamnatin tarayya ta haƙa dam, ta kafa famfo mai aiki da iska. Famfon ya yi zamaninsa ya tsaya, dam ya cike da yashi, mu kuwa muka ci gaba da abin da muka gada, damina a gida, rani a hanya. Duk abin da ke motsi a kasuwarmu saniya ce ke motsa shi. Mai shayi da tela da mai gyaran babur, kowa ya san in shanu sun rame shi ma zai rame.

Ni boko ya ɗauke ni, sandar kiwo ta faɗa hannun ƙanina. Da ciyawa ta bushe sai ya kora garken zuwa kudu, ba a sake ganinsa sai ruwa ya sauka. Amma hanyar ta lalace. Burtali ya zama gona, gona ta zama rigima. A tafiyarsa ta ƙarshe ya dawo da sara a kafaɗa, abokin tafiyarsa kuwa bai dawo ba. Tun daga nan, da kaka ta gabato sai tsoro ya hana ni sakewa.

A shekarar da Baba ya zo London ne kuɗin tarayya suka sake waiwayarmu. Aka yashe dam, aka sa famfo mai aiki da hasken rana, aka kawo injin yankan ciyawa. Aka ce duk gidan da ya yarda za a ba shi yanki, ya yanki ciyawa tana ɗanya, ya shanya ya adana, shanunsa su ci rani a gida. Ƙanina yana so ƙwarai. Sai dai garken na Baba ne, Baba kuma ya ce a'a.

"Ingirici abincin doki ne da ragon layya," in ji shi. "Saniya ita ke zuwa wurin ciyawa. Famfon gwamnati kuwa na ga na farko, na ga ƙarshensa."

Na yi bayani har bakina ya gaji. Matata ta ce in ƙyale shi, tunda taurin kan da nake ƙorafi a kai a wurinsa na gado shi. Ban ji daɗin maganar ba, musamman da yake gaskiya ce.

Akwai wani fili kusa da mu inda Baba yake zuwa miƙe ƙafa da hantsi. A wani ɓangarensa ana barin ciyawa ta kai gwiwa, sannan a zo da mota a yanke. Wata rana na dawo daga aiki na tarar da matata a ƙofa, ta naɗe hannu.

"Je ka ga abin da Baba ya yi mana a baranda."

Ciyawa ce, an baza ta daga wannan bango zuwa wancan, har a kan igiyar shanya. A babbar rigarsa ya ƙunso ta, ya ratso titi da ita.

"Baba, ta council ce fa, hukumar unguwar nan," na ce.

"To shanun council ɗin suna ina?"

"Ba su da shanu."

Ya dube ni da sabon idonsa. "Ba su da shanu, suka yanke ta tana tsaka da ƙarfinta, suka bar ta a ƙasa. Kai kuma kullum kana wucewa ta gabanta, ko a jikinka."

Ba gwaji ya yi niyya ba, na tabbata. Hannunsa ne kawai ba zai iya barin ciyawa a yashe ba. Amma da ya samu abin yi sai ya warware. Yana juya ta da safe, in hadari ya taso ya kwashe ta zuwa falo, in rana ta leƙo ya mayar. A London kuwa hadari da rana ba su da alƙawari, don haka ciyawar nan ta fi kowa zirga-zirga a gidan. Matata ta sha tsintar ta a kujera da cikin takalma, amma in ta zo gabansa sai ta ce, "Baba, a taya ka ne?"

Da ta bushe ya ɗaure ta dami-dami, ya tura ƙarƙashin gadonsa. Makonni suka wuce, aka yi aikin ido na biyu. Ɗakin ya ɗauki wani ƙamshi da na manta da shi, ƙamshin ƙarshen damina a gida. Wata safiya na gan shi ya kwance dami ɗaya, ya murza, ya shinshina, ya tauna sili. Har lokacin da sauran kore a jikinta, ba kamar ciyawar da ta bushe a tsaye ta zama kara ba.

"Garin nan akwai saniya?" ya tambaye ni.

Na kai shi wata 'yar gona da ake kai yara kallon dabbobi. Matar da ke kula da shanun ta ce ba a ba su abincin waje. Na roƙe ta, na faɗa mata daga inda dattijon ya fito. Ta karɓi ciyawar ta bincika sili-sili, ta shinshina yadda ya yi, sannan ta ce tafi ɗaya kawai.

Saniyar ja ce, gajera, ba tozo ba ƙaho. Baba ya ce wannan in a garinmu ne sai an yi mata tambayoyi. Ya miƙa mata, ta naɗe da harshe, ta tauna, ta turo hanci cikin hannun rigarsa tana neman ƙari. Ya shafa wuyanta. Daga baya ya sa na tambayi matar ina suke kai shanun in sanyi ya kashe ciyawa. Ta nuna rumfa cike da dammunan busasshiyar ciyawa har rufi, ta ce ba sa zuwa ko'ina.

A bas muna komawa ya ce in kira masa ƙanina.

"Ciyawar fadama ta fara fure?" ya tambaya. "To kada ka bari ta tsufa. Ka je ka karɓi yankin nan. Ka juya ta kullum, kada raɓa ta kwana a kanta. Ni na gwada da hannuna, ba maganar gwamnati na bi ba."

Na juya ina kallon taga, don kada ya ga idona.

Ranin bai zo da sauƙi ba. Ingiricin ya ƙare kafin ruwa, sai da aka haɗa da dusa da harawa, tsofaffin shanu kuma suka rame. Baba, wanda ya riga ya koma, har yau yana cewa famfon nan ma zai tsaya wata rana, shi ya sa ya tura jikansa koyon gyaransa. Amma ba wanda ya kama hanyar kudu.

A tsakiyar bazara na kira gida. Inna, mahaifiyarmu, ta karɓi wayar, ina jin kukan maruƙa a bayanta. Na tambaye ta lafiyar kowa, sai ta rage murya.

"Ashe ƙanin nan naka haka yake da ci? Tun yana saurayi ban tuƙa masa tuwon rani ba, na manta. Yanzu sai na ƙara gari."