Daɓen Inna Tahira da Babur Mai Batir

Muhammadu Sani mai gyaran famfon sola ne a wani ƙauye kusa da Tsanyawa. Rijiyoyi goma sha bakwai yake kula da su, kuma ya san zurfin kowacce, don shi mutum ne da ko tafiya yake yi sai ya ƙirga takunsa.

Bara bayan girbi ya kwance injin tsohon babur ɗin mahaifinsa, Malam Nababa, ya ɗaura masa batir da injin lantarki. Tsohon bai ji daɗi ba. Ya ce abin da ba ya ƙara ba babur ba ne, keke ne mai girman kai. Sai ya gindaya sharaɗi: a yi tsere da Ɗanliti ɗan acaɓa, daga gindin bishiyar kuka zuwa bakin rijiyar ƙauyen, taku ɗari huɗu. In an kayar da Sani, ya mayar da injin yadda ya same shi.

Sau ashirin da uku Sani ya gwada hanyar da agogon waya. Ya lura da safe iska tana da sanyi da kauri, tana tokare shi a ƙirji, amma bayan azahar zafi ya sirantar da ita, har yakan rage rabin daƙiƙa. Babur ɗin Ɗanliti kuwa iskar yake shaƙa, don haka da rana ƙarfinsa yake raguwa. Sai Sani ya nemi a yi tseren ƙarfe uku. Ɗanliti ya yi dariya, ya ce ko a cikin tanda ne ya yarda.

Saura matsalar ƙasa. Gindin kukar rairayi ne, shi kuma lantarki gaba ɗaya yake sakin ƙarfinsa, sai tayar baya ta yi ta juyawa a wuri guda. Daƙiƙa uku yake asara a nan, ya rasa dabara.

Mahaifiyarsa, Inna Tahira, ta ji yana ta lissafi a tsakar gida, ta sa ya kai ta wurin. Ta tona rairayin da ƙafa.

"Yo Sani, ka taɓa ganin an kafa gado a ɗakin da ba a daɓe ba?" in ji ta. "Kai dai ɗebo mana ruwa."

Mata shida ta tara, da tsakuwa da ruwan makuba na ɓawon ɗorawa. Kwana uku suna dukan ƙasa da madaɓi suna waƙa, har taku ashirin na farko suka yi tauri kamar tsakar ɗakin amarya. Ta ce duka baburan biyu a kai za su tashi, kada a ce ta yi son kai.

Ranar tseren Sani ya ajiye batir a inuwa don kada ya yi zafi, sai da lokaci ya yi. Ya isa rijiya a daƙiƙa ashirin da huɗu, Ɗanliti yana bayansa da tsawon babur ɗaya.

Bai tsaya karɓar gaisuwa ba, ya juyo ya durƙusa a gaban matan, ya gode musu ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Malam Nababa ya zagaya babur ɗin, ya taɓa batir, sannan ya tattare rigarsa ya hau baya.

"Kai ni kasuwa," ya ce. "Amma a hankali."