Ranar da Na Yi wa Yaya Tafinta

Da aka tare gadar kan iyaka da kwantenoni, aikinmu ya mutu a tsaye. Ina aiki ne a wani ƙaramin ofishi kusa da duwan, wato kwastan, na Malanville, inda muke fitar wa direbobi takardun kaya. Rabin aikin tafinta ne: direba ya faɗi da Hausa ko Zabarmanci, in juya wa ɗan duwan da Faransanci. Da motoci suka daina ƙetarewa Gaya, sai muka koma korar ƙuda. Abokin aikina ne ya zuba wasanni biyu a kwamfutar ofis, wai don kada mu haukace.

Na farko faɗa ne zalla. Kana da jarumi mai gatari, ya gangara cikin kogo, dodanni su taso, ka yi ta sara har yatsa ya sage. In ka gama da su, a ba ka gatarin da ya fi na da, ka gangara kogon da ya fi zurfi. Ba sallama, ba gaisuwa, ba wanda zai tambaye ka daga ina. Abokina yana mutuwar son sa. Ni kuwa na ce masa wannan ai daka ne, in daka yake so ya je gida ya karɓi taɓarya.

Na biyu labari ne. Matafiyi ne kai a ƙasar da aka yi wa sihiri, kana shiga gari, kana zama da mutane, su faɗa maka damuwarsu, a jera maka amsoshi ka zaɓi ɗaya. Abin da ka faɗa wa maƙeri yau zai iya biyo ka har wani gari. Akwai faɗa, amma jefi-jefi. Abokina ya ce wannan zaman majalisa ne, kuma yana da majalisa kyauta a gindin bishiyar mai shayi.

Muna cikin wannan musu ne maganar Yaya ta taso. Yayana direban babbar mota ne, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ya sa ni makaranta. Motarsa ta daɗe a tsaye har ciyawa ta fito a ƙarƙashinta. Sai mai motar ya ce a bi hanyar zagaye, ta Togo da Burkina, inda motoci ke tafiya a ayari da rakiyar soja. Kowa a garin ya ji labarin wannan hanya, kuma ba labari mai daɗi ba ne. Yaya ya ce zai je.

Matarsa ta tare ni a zaure, idonta ya yi ja.

"Kai ɗai ka rage. Kawunku na Garou ya ce tahiya ta namiji ce. Yi mishi magana, don Allah."

Tunda nake ban taɓa ce wa Yaya "kada ka yi" ba. A gidanmu ƙane ba ya ɗaga ido ya ba wansa shawara, balle wan da ya zame masa uba. In magana ta yi nauyi, a bakin wani babba ake sa ta, babban kuwa ya riga ya sa albarka. Na ce mata to, na fita ban san me na amsa ba. Abinci ya daina shiga. In na ji ƙarar babbar mota a kan kwalta sai gabana ya faɗi.

A kwanakin Yaya yakan zo ofishinmu bayan azahar, saboda muna da fanka. Abokina ya koya masa wasan gatari, ya kuwa kama da wuri. Zai zauna ya yi ta sara, haƙora a cije, ba uhm ba uhm-uhm, har a kira la'asar. Na tsani wasan nan a lokacin. Mutum yana gab da tafiyar da ba a san dawowarta ba, ga shi kusa da ni, amma dodanni sun fi ni samun hankalinsa. Sai dai in faɗi gaskiya, in ya tashi daga kujerar nan kafaɗunsa sukan ɗan sauka. Wataƙila abin da yake buƙata ke nan, abokin gaba da ake gani da ido, a sare shi ya faɗi.

Wata rana abokina ya tafi kasuwa sayen albasa, na ce wa Yaya wasan gatarin ya ƙi buɗewa, ko zai gwada ɗayan.

"Wanga mai yawan surutu? Ni ban iya karatun nasara ba."

"Ni ka karanta maka, Yaya. Kai dai hwaɗi amsa."

Haka muka fara. Ina juya masa maganar mutanen wasan, yana zaɓa. Ya ji haushin matafiyin da ke faɗa wa gidajen mutane ba sallama yana buɗe tukwane, ya ce wannan ba ɗan mutunci ba ne. Da wani tsoho ya ce ɗansa ya mutu, Yaya ya sa na duba ko akwai wurin yin ta'aziyya, babu, ya yi tsaki. A yinin nan na ji muryarsa fiye da yadda na ji ta tun da aka rufe gada.

Ana gobe za su loda kaya muka kai wurin da nake jira a wasan, don na taɓa wuce shi. Matafiyin zai fita ƙofar gari ya bi ta wani daji, sai wata mai magani da ke tafiya tare da shi ta tsaya a gabansa. Abin da aka rubuta ɗan kaɗan ne: tana tambaya ko ya sayi isasshen magani. Na kafa ido a kan allon kwamfutar, na fara magana.

"Ta ce, hanyag ga ba ta da kyau. Ta ce waɗanda sunka bi ta ba duka sunka komo ba. Ta ce kana da ɗiya ƙanana, kuma akwai waɗanda ba su da kowa in ba kai ba. Ta ce yunwa ana jimre ta tare, amma in ka tahi ba ka komo ba, ba su san yadda za su yi ba. Ta ce don Allah ka haƙura."

Fanka tana juyawa. A waje wani ɗan kabu-kabu yana ta danna oda. Ban iya waiwayawa ba. Layi ɗaya ne a rubuce, ni kuma na yi magana mai tsawon huɗuba, ga shi Yaya ya shekara da shekaru yana tsayawa gaban 'yan duwan, ya san tsawon magana ko bai san haruffa ba. Na jira ya daka mini tsawa, ko ya tashi ya fita, wanda ya fi tsawa ciwo.

Ya daɗe yana kallon matar nan ta cikin wasa. Sannan ya gyara hula.

"Hwaɗa mata na jiya. Hwaɗa mata ta yi gaskiya, kuma ni ma ina jin tsoro."

Ban taɓa jin kalmar nan a bakinsa ba.

"Amma hwaɗa mata zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kihi. Rumbu ya ƙare. In na zamna, mi za ni ce ma yara?"

Amsoshi suna jere a kan allo, ba ko ɗaya da ta yi kama da tasa. Na rasa wadda zan danna. Ya miƙe, ya ɗauki makullinsa, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya bai juyo ba.

"Hwaɗa mata kuma, tunda ta girma hat ta iya magana haka, ita za ni bar ma gida."