Ya Gana, Wadda Ta Mayar da Cinyar Rago Kasuwar Shanu

Kafin ta taɓa wuyan marar lafiya, Sista Ya Gana takan murza tafukanta su yi ɗumi. Wanda bai lura ba zai zaci addu'a take shafawa. Kullum ƙarfe bakwai keke napep ke sauke ta daga unguwar Bulumkutu, ta bi gadajen ɗakin masu ciwon daji tana gaisuwar Barebari, "wushe, wushe", yatsunta na laluben ƙarƙashin haɓa da hammata. A wannan watan za ta ajiye aiki, bayan shekara talatin da biyar.

Akwai ciwon dajin da ke kama kaluluwa, likitoci na ce masa limfoma. Mai zafin cikinsa yana girma da sauri, kuma yana saurin jin magani. Sau shida ake ɗaura wa mutum ruwan maganin, amma sau da yawa daga na uku kumburin ya ɓace. Nan haɗarin yake, domin abin da ya saura a jiki shi ne mafi taurin kai. In ya sake tasowa, ba lalle ya ji maganin farko ba.

Shi ya sa ranar da aka kawo cinyar rago daga gidan Kashim, wani dillali a Kasuwar Shanu da ke karɓar wannan magani, abokan aikinta suka hau murna, ban da ita. Ta san ma'anar naman. An yi yankan godiya, an sallami ciwo, Kashim ba zai zo karo na huɗu ba. Da ta tashi aiki ta ɗauki ledar naman, ta nufi kasuwa da fararen kayanta.

Mahautan da ke wurin har yau suna ba da labari. Ta same shi yana shafa haƙarƙarin wani sa, ta ajiye masa naman, ta ce ai ya yi gaggawar yanka, ciwo bai tafi ba tukuna. Ya yi dariya, ya miƙa mata wuya ta duba. Ya ce shi da ke gane lafiyar dabba da tafin hannu, jikinsa ba zai ɓoye masa komai ba, kuma ya gaji da amai da zubewar gashi.

"Baba Kashim, saniya nawa ka sayar sumul, sai da aka feɗe aka ga huhun?"

"Ai ni ba saniya ba ne, Sista."

"Da saniya ce, da na sa igiya na ja."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Kashim bai zo ba.

Bayan wata biyar matarsa Saude ta zo asibiti a ɓoye. Ta ce ƙullutu ya fito a hammata, zufa na jiƙa masa riga, wando ba ya zama a ƙugunsa. Ya hana a faɗa wa kowa. Ya ce gara ya mutu a gida da ya haɗa ido da matar da ya yi wa dariya a gaban jama'a.

A ranar Ya Gana ta je gidansu a Maisandari. Saude ta ce ta laɓe a bakin ƙofa tana jiran ta ji gori, ba ta ji ba. Sista ta zauna a tabarma, ta duba shi, ta gaya masa gaskiya ba kwana-kwana. Ciwon ya dawo. Wannan karon wani maganin za a ba shi, ya fi na da wahala, kuma ba ta yi masa alkawarin warkewa ba. Abu ɗaya ta yi alkawari, duk ranar da za a ɗaura masa ruwa ita za ta nemo jijiyar. Sai Kashim ya tambaye ta.

"Me zan ce wa likita?"

"Ka ce ina kwana. Sauran ni zan faɗa."

Ya Gana, ke ce kika gane cewa kunya ma tana kashe mutum, kika ƙi ƙara masa ita. Ke ce mai bin sawun wanda ya gudu. Ba duk wanda kika dawo da shi ne ya rayu ba, kin sani, kin je ta'aziyya gidaje da yawa, amma ba ki taɓa cewa na gaba ba zai tashi ba. Mun gode. Allah Ya saka miki da alheri. Masu tasowa a wannan aiki, ku koyi zuwa inda marar lafiya yake. Masu jinya kuma, kada ɓacewar kumburi ta sa ku tsaya a rabin hanya.

Ranar Alhamis da ta wuce Kashim ya karɓi ruwansa na ƙarshe. Likita ya ce hoto ya yi kyau, amma za a ci gaba da dubawa, Kashim ya riga kowa tambayar ranar dawowa. Saude ta ce tun a gida yake haddace kalaman godiya. Ya Gana ta zare allurar, ta danna auduga, ta ɗora yatsansa a kai. Yana gyaran murya ta ɗan dafa kafaɗarsa, ta rataya jakarta, ta fita.