Ranar da Nawal Ta Ƙi a Rage wa Fathi

Nawal tela ce a Dimyat, garin kafintoci. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya ɗaya, Hanan, da keken ɗinki. Da auren Hanan ya matso, ta kwashi abin da ta tara ta kai wa wani kafinta, Usta Fathi, mijin aminiyarta Samiha, ya haɗa wa amarya gado da kujeru. Kaya suka zo suna sheƙi. Shekara ba ta zagayo ba gadon ya rufta. Ashe ruɓaɓɓen katako Fathi ya lulluɓe da fenti. Kuma ba ita kaɗai ya cuta ba. Kotu ta ɗaure shi wata shida, ta ce in ya fito ya riƙa biyan kowa duk wata.

Yana biya, yana biya, har ranar da injin yanka katako ya ɗauke masa yatsu uku. Sai ya koma kotu yana roƙon sassauci. Sauran da ya cuta duk suka yarda a rage, saura Nawal.

A bakin kotu Samiha ta riƙo mata mayafi. "Maman Hanan, ki dubi Allah. Kwano ɗaya fa muka ci tun muna 'yan mata."

"Au, yau kika tuna da kwanon? Ran da gado ya zube da 'yata, surukarta na dariya, kina ina?"

Ta shiga ta faɗa wa alƙali ko kirshi ɗaya ba ta yafe ba. Alƙali ya bar nata kason yadda yake. Fathi ya sayar da shagonsa, ya biya ta gaba ɗaya, suka tattara suka koma Bur Sa'id wurin ɗansu.

Kuɗin sun zo ba mai jiransu, don mijin Hanan ya daɗe da sayen wani gado. Nawal ta sha cewa za ta je ta ga Samiha bayan salla. Sallar ta wuce, wata ta zo. A bakin mai sayar da kifi ta ji rasuwar Samiha, har an yi arba'in.

Ta je gaisuwa. Fathi ya miƙo mata shayi, ya tallabo kofin da tafin hannu.

"Hajiya, kar ki sa wa ranki komai. Haƙƙinki kika karɓa."

"Ta taɓa ambatona?"

Ya ce, "In zare ya ƙi shiga mata allura, sai ta ce ina ma Nawal na kusa."

Shayin ya huce a hannunta, ba ta iya kurɓa ba.