Allon Zayyanar da Na Jiƙa

Shekarun baya, ina wata na huɗu da fara koyon zayyanar allo wurin kawuna a Kaura Namoda, wata aminiyar mahaifiyata ta taso daga Zurmi da allo naɗe cikin zane. Na marigayi mijinta ne, shi ya zana shi da hannunsa. Yoyon ɗaki ya taɓa shi, ƙura ta daskare a kai. Jikarta za ta yi saukar Alƙur'ani bayan kwana biyar, tana so yarinyar ta riƙe allon kakanta.

Kawu ya daɗe yana dubawa kafin ya karɓa. Ranar Alhamis zai tafi Shinkafi sayen ƙaro, wanda muke haɗa launi da shi don ya kama itace. Ya miƙo mini gashin kaza ya ce, "Ƙura kaɗai za ka kaɗe. Kada ruwa shi kusanci wanga allo."

Ni kuwa lokacin gani nake na zama gwani. Na kaɗe ƙura, wani tabo a kusurwa ya ƙi fita. Na jiƙa auduga kaɗan na goga sau ɗaya. Audugar ta dawo jajur. Jan da ke cikin zanen ya narke ya bi kan baƙin layi, wuri kamar faɗin babban yatsa ya dame. Maimakon in tsaya, sai na dama jan da muke aiki da shi na shafa don in rufe. Da ya bushe sai ya fito ɗanye shar, ko daga bakin zaure ana hango shi.

Bayan la'asar kawu ya dawo. Bai ko cire takalmi ba idonsa ya sauka kan allon.

"Mi kay yi?"

Na so ya zage ni, bai zaga ba. Ya zauna ya ce, "Hannuna na rawa yanzu, ba ni iya wanga layi. Kai ka ɓata, kai ka gyarawa."

Kwana uku muna neman irin jan marigayin. Mu daka jar ƙasa, mu ƙona wata, mu dama da ƙaro, mu gwada a guntun katako mu jira ya bushe a inuwa, don jiƙaƙƙen launi ba ya nuna gaskiyarsa. Da muka dace, na kankare shirmena da bakin aska a hankali. Ranar da zan ja layin da alƙalamin kara, kawu na tsaye a kaina, ni kuma ina riƙe numfashi har kaina ya sara.

Gyaran ya yi kyau, sai an ƙura ido ake gane shi. Na fara murna, kawu ya ce da bakina zan gaya wa mai allon.

Da ta zo na durƙusa na ce, "Inna, na yi maki ɓarna." Na faɗa mata komai. Can ta ce, "Gwada min inda hannunai ya tsaya, naka ya soma." Na nuna da tsinke. Ta bi wurin da ido, ta ce, "To. In yarinya ta tambaya, na san abin da ni ka ce mata." Ta naɗe allonta ta fita. Ba faɗa, ba godiya.

Mahaifiyata ta je saukar, ta ce yarinyar ta riƙe allon. Ban taɓa samun ƙarfin halin tambayar Inna mai allon ko ta yafe mini ba, har Allah Ya yi mata rasuwa. Yau ni ake kawo wa tsofaffin alluna, kuma gogewar nan guda ɗaya ta fi duk abin da kawu ya koya mini zama a raina. Duk allon da aka ajiye gabana, nakan kwana biyu ina kallonsa kafin in yarda in kai hannu.