Rubu'in Gemun Nomau

Malam, mai gidana, ya bar ni bara da kaka, kuma har yau in za ni ɗora tukunya sai na iske na auna tsabar mutum biyu. Balki jikata ce ke rubuta wannan, ni ban san baƙi ba. Na ce mata in kuka ya tsai da ni ta aje alƙalami ta jira, ba sai ta rubuta kukan ba.

Mutuwa ta kowa ce, na sani. Abin da ya fi ci mini rai shi ne inda anka sa shi. Tun muna da ƙarfinmu yakan ce mini, "Ke, ko ina ajali ya same ni, a Gobir za a rufe ni." Sai ga shi zaman ƙauyenmu ya gagara, munka tsallake iyaka zuwa gidan ɗan ƙanwarshi a Nijar. Can ciwo ya kama shi, can anka yi mai sutura. Na dawo Sabon Birni wajen ɗiyata ina jin na ci amanar mutumin da bai taɓa cin tawa ba.

Ran nan ina kwance na ji Balki tana bitar karatunta da ƙarfi. Wai yanki iri-iri ne: akwai wanda kamannin mutane ke haɗawa, akwai wanda kasuwa ke haɗawa, akwai wanda yake a bakin jama'a kawai, ga kuma wanda gwamnati ta shata. Sai dariya ta kuɓuce mini, ta farko tun da na fita takaba. Nomau na tuna, da kakata Tumba.

A Gangara na tashi. In an gama girbi ɗari ya shigo, bayan sallar isha'i Kaka Tumba takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta, kowa ya turbuɗa gyaɗarshi cikin toka yana gadinta da ido. Haƙori ɗaya ya rage mata, goro ma sai an daka mata shi, amma in ta kama mazari tana kaɗi tana magana ko akuya ba ta motsi. Sai ta ce, "Ga wata nan tahe, ta gaji da tahiya." Mu ce, "Ta zauna mu ji ta."

Wai an yi wani Bagobiri sunanshi Nomau, mai gemu kamar tsintsiya, mai cika baki kamar an biya shi. Wata rana a bakin kasuwa ya rantse gaban jama'a cewa bai taɓa kwana wajen ƙasar Gobir ba, kuma ranar da ya kwana, a aske mai gemu tas. Wanzamin garin yana nan zaune, ya ce ya ji.

Ba a daɗe ba jakin Nomau ya tsinke igiya ya bi jakar wasu fatake, ya yi arewa. Nomau ya bi sawu. Bai kama shi ba sai da rana ta yi ja, a wani wuri da bai sani ba. Ga gajiya, ga barci, ga rantsuwa. Kafin ya sa haƙarƙari ƙasa dole ya san ko yana cikin Gobir.

Ya fara da wani tsoho mai ɗaure damin gero. Tsoho ya shafa tsagen kumatunshi ya ce, "Dubi nan. Inda duk ka ga wanga tsage, Gobir ce." Nomau ya fara shimfiɗa buzu. Tsoho ya ce, "Amma gurgusa kaɗan, nan gonar maƙwabcina ce, shi Bazamfare ne." Nomau ya gurgusa. "Nan kuma ta surukinai ce, Ba'adare." Kaka takan tashi da zanenta tana ja da gindi tana gurgusawa, har ta kusa faɗawa wuta, mu kuwa muna birgima.

Ya naɗe buzu ya yi gaba, ya gamu da wata mai daddawa. Ta ce, "Kai, bar zancen kumatu. Wace kasuwa mutane ke ci? Duk wanda ke ɗora wa jaki kaya ya nufi kasuwar Sabon Birni, namu ne."

"To ku nan wace kuke ci?"

"Ita muke ci. Sai dai in daddawa ta yi tsada a kasuwar arewa, sai mu juya can."

"Yanzu ina ta fi tsada?"

"Sai gobe in na je za ni sani."

Na uku wani Bafulatani ne ya rataya sanda a kafaɗa yana kora shanu. Ya ce shi ya yi yawo da yawa. Na kudu sun ce mai Gobir tana arewa, na arewa sun ce tana kudu, kowane gari kuma sun ce su ne Gobirawan ƙwarai, na gaba sai a hankali. "Ni dai," in ji shi, "inda duk anka fara yi mini cika baki, na san na shigo ta."

Nomau ya harzuƙa. "Kai, ka san da wa kake magana? Kakana shi kaɗai ya kori mahara da taɓarya."

Bafulatani ya ce, "Ka ji ko? Muna tsakiyarta."

Daga ƙarshe ya iske wani mai gadi zaune kusa da dutsen da Nasara sunka kafa. Mai gadi ya ce daga dutsen ga zuwa kudu ƙasar Ingilishi ce, zuwa arewa ta Faransa, kuma Nomau ya riga ya wuce shi.

"To ina Gobir?"

"Ba a ba ni gadinta ba."

Nan Nomau ya yi dabara. Ya ce ai kwana bisa jaki ba kwana a ƙasa ba ne. Ya hau, ya rungume wuyan jaki, barci ya kwashe shi. Jaki kuwa bai manta da jakar fatake ba. Ya yi ta yawo da shi, gonar Bazamfare, gonar Ba'adare, wancan gefen dutse, wannan gefen dutse, Nomau na minshari. Kaka takan ce, "Mutum ya tsere wa kwana a ƙasa guda, ya kwana a duka."

Da labari ya iso gida wanzami ya wasa aska. Dattawa sunka ce a kira shaidu. Tsoho ya ce inda anka ga jaki da asuba akwai masu tsage. Mai daddawa ta ce ran nan Sabon Birni ta nufa. Bafulatani ya ce ko cikin barci ya ji Nomau na zancen taɓarya. Mai gadi kaɗai ya ce ya fita. Sai anka yanke a aske mai rubu'in gemu, a bar mai saura. Muka tambayi Kaka wane gefe anka aske. Ta ce, "Gefen arewa mana." Sai ta karkaɗe zane ta ce ta ƙare, ɓera ya ja wutsiyarta, kowa ya tono gyaɗarshi.

Da na gama dariya ran nan sai na zauna na kira nawa shaidun. Mutanen da sunka wanke Malam, tsagensu irin nashi ne, kamar aska ɗaya ta yi musu. Farin yadin da anka yi mai likkafani, mai shagon ya ce daga kasuwar Sabon Birni ya saro shi. Ran zaman makoki kuwa wani dattijo ya matso ya ce mini, "Baiwar Allah, ki yi haƙuri, amma mijinki ya yi sa'a. Duk duniya babu ƙasar kabari mai laushin tamu." A lokacin haushi na ji. Sai yanzu na gane cika bakin Gobir ne, muna tsakiyarta.

Dutse kaɗai ya ce Malam ya fita, shi kuwa ba a ba shi gadin Gobir ba.

Har yanzu ina kuka, Balki ce shaida, sau nawa ta aje alƙalamin ga. Amma kukan rashi ne, na amana ya sauka. Malam gemu gare shi har ƙirji, kullum Juma'a sai ya shafa mai turare yana tambayata ko ya yi kyau, in ce mai ya yi kamar tsintsiya. Allah ya jiƙan shi, ya sa ya huta. In Allah ya haɗa mu, Malam ya ce ban cika mai alkawari ba, za ni ce a kira shaidu. Rubu'i ne kawai, Malam. Ni za ni riƙe maka madubi.